Biko na Uku a Nahuce

Shekaru da yawa, idan matar wani ta yi yaji a unguwarmu ta Damba, ƙofar gidana ake fara yi wa sallama. Ni ba malami ba ne, ba mai unguwa ba ne, dillalin hatsi ne kawai a kasuwar Gusau, amma Allah ya ba ni baki. Mutumin da ya saba tsayawa tsakanin manomin da ya rantse ba zai sauko ba da ɗan kasuwar da ya rantse ba zai hau ba, har ya ga sun tafa, ai biko ba zai ba shi wuya ba. Na je Magami, na je Tsafe garinmu, na shiga ƙauyukan Bungudu, ban taɓa dawowa ba tare da matar ba. Kuma ba na jira a yabe ni, da bakina nake faɗa a majalisa.

Ina da yadda nake yi. Zan sa rigata mai kyau, in riƙi ƙullin goro, in isa gidan iyayen matar da hantsi, lokacin da ba wanda yunwa ta fara sa wa fushi. A zaure zan ja gaisuwa har sai uban ya gaji da ɗaure fuska. Kafin ya buɗe baki ya zagi surukinsa, ni zan riga shi: wawa ne, bai san darajar abin da aka ba shi ba, wallahi ni kaina na wanke shi tas. Idan ka riga mutum zagin, ka ƙwace masa abin faɗa. Daga nan sai in sassauta murya, in kawo zancen yara, in kawo zancen zumunci, in ce ni na tsaya masa, in ya sake a kama ni. Ƙa'idata guda ce: ba na tambayar me ya faru. Tambaya tone-tone ce, tone-tone kuwa yana ɓata sulhu. A ƙarshe za a kira matar, ta durƙusa a bakin ƙofar cikin gida kanta a sunkuye, ubanta ya ce ta yi haƙuri ta bi ni, ta ce to. Wannan "to" ɗin ita ce iyakar abin da na taɓa ji daga bakin matan da na mayar.

Ina da aboki direba, yana jan motar haya tsakanin Gusau da Tsafe. Mutum ne mai fara'a, mai hannu sake, idan yana majalisar mai shayi ba ka jin muryar kowa sai tasa. Ranar da ciwo ya kayar da mahaifiyata a Tsafe, shi ya sauke fasinjojinsa a tasha suna zaginsa, ya juya ya ɗauko ta ya kawo asibiti. Abin da ba zan manta masa ba ke nan, har gobe. Matarsa 'yar Nahuce ce, tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida, suna da yara biyu. Ita ce na je wa biko har sau uku.

Na farko ko zufa ban yi ba. Mahaifinta dattijo ne manomi, mai kunyar baƙo. Kafin azahar mun kamo hanya, kafin la'asar na miƙa ta ƙofar gidan mijinta, na ce masa ga amanarka nan. Ya rungume ni, ya ce ni ɗan'uwa ne.

Na biyu da damina ne, bayan kamar shekara. Shi ma bai yi wuya ba, sai dai mahaifiyarta ta ƙi amsa gaisuwata daga cikin gida, ban kuma damu ba, na ce halin mata ne. A motar dawowa ta zauna jikin taga ta hannun damata, ƙullin kayanta a tsakaninmu. Ni kuwa na ga dama ta samu, na buɗe mata wa'azi tun daga Nahuce. Aure ibada ne, mace da haƙuri aka san ta, namiji kamar yaro yake, a lallaɓa shi. Mota na ƙugi, ruwa na dukan gilashi, ina ta zuba. Har muka shigo Gusau ba ta ce uffan ba, ko juyowa ba ta yi ba, idonta na kan gonakin da muke wucewa.

Kai, abin ya burge ni! Na ce yau ga mace mai kunya. Da na isa gida har gori na yi wa matata. Na ce da ita, ke kafin in rufe baki kin ba ni amsa uku, ga 'yar mutane can tun daga Nahuce ina magana ko ɗaga ido ba ta yi ba. Matata tana tankaɗe, ba ta bar tankaɗenta ba ta ce, "Ka tambaye ta abin da ya fito da ita?" Raina ya ɓaci. Na ce aikin nan kin fi ni saninsa ne? Na kaɗa rigata na fita. Ni mutum ne mai saurin hawa, ban taɓa ɓoyewa ba, kuma a lokacin ina ganin tambayar mace a kan aikin maza raini ce.

Na uku da kaka ne, ana tsakar yankan dawa. Abokina ya same ni a rumfa, ya ja ni gefe. Wannan karon ba ya dariya. Ya ce, "Ta sake tahiya. Wallahi na gaji da rainin yarinyar nan. Ina magana tana yi mini banza, sai in kira ta sau uku tana ji ta ƙi juyowa. Amma yara na kuka, ka taimaka." Na ce ya kwantar da hankalinsa, gobe war haka tana ɗakinta. Har da buga ƙirji.

Na isa Nahuce da hantsi kamar yadda na saba. Na yi sallama a zaure, aka ce maigidan yana gona, an tafi kiransa. Na shimfiɗa kaina a tabarma, na ajiye goro a gabana, ina ta jera maganganuna a zuci. Sai na ji takun mutum daga cikin gida. Mahaifiyarta ce ta fito zauren da kanta, abin da ban taɓa gani ba a duk yawon bikona. Tsohuwa ce siririya, hannayenta duk ƙaiƙayin dawa. Tana riƙe da hannun ɗiyar tata kamar za ta kai ƙaramar yarinya makaranta.

Na ce, "Inna, ina kwana?"

Ta ce, "Lahiya lau, Malam. Kai ne ka zo na farko, kai ne ka zo na biyu, ko ba kai ba ne?"

Na ce ni ne. Ta zaunar da ɗiyar a gefen tabarma, ta juyar da ita ta ba ni gefen hagu, sannan ta sa tafin hannunta ta toshe mata kunnen dama. Ta ce, "To kira ta."

Na rasa abin da take nufi. Na ce, "Baiwar Allah." Shiru. Na ɗaga murya, na ce, "Maman yara!" Tsakanina da ita bai fi taku biyu ba. Tana zaune tana kallon bango, ko gezau. Tsohuwar ta ce in ƙara, na ƙara, da irin muryar da nake kiran masu ɗaukar buhu a kasuwa, har kaji suka watse a ƙofar zaure. Matar nan ba ta motsa ba. Sai da uwar ta ɗauke hannunta ta taɓa mata kafaɗa, sannan ta juyo ta gaishe ni a hankali.

Tsohuwar ta ce, "Wanga kunne ya mutu, Malam. Mun kai ta asibiti, sun ce ba ya dawowa. Ka san ranar da ya mutu? Ranar da ka maida ta karon farko. Kana juya baya, bayan magariba, ya rufe ta da mari, wai ta tona mashi asiri, ta sa shi roƙon mutane su je mashi biko." Ta dubi goron da ke gabana. "Saura guda. Shi ka zo ɗauka?"

Innalillahi. Motar nan ta damina ta dawo mini, ina ta zuba wa'azin haƙuri a cikin kunnen da ba ya ji, ina murna na gamu da mai kunya. Maganar abokina ta jiya ita ma ta dawo mini: ina kiranta tana yi mini banza. Abu ɗaya muka gani ni da shi. Ni na kira shi kunya na yaba, shi ya kira shi raini ya hukunta, kuma a cikinmu ba wanda ya tambaye ta.

Muna haka maigidan ya shigo, lauje a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga. Yana ganin matarsa a zaure ya ɗaure fuska, ya ce su shiga ciki. Suka tashi, amma ba su yi nisa ba, ina ganin inuwarsu a bakin ƙofa. Muka gaisa. Ban zagi surukinsa ba, ban kawo zancen yara ba, ban ce komai ba cikin abin da na shirya. Duk da haka dattijon nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, tunda kai ka taso da ƙafarka har sau uku, ba mu iya kunyata ka. Zaman ɗiya a gida ba shi da daɗin faɗi ga mutane. Ta shirya ta bi ka."

Nan ne tsoro ya kama ni. Ashe bakina ya riga ya yi aikinsa tun tuni, yanzu fuskata kawai ta isa a ba ni mace. Da na yi shiru na minti ɗaya, da an ɗauko ƙullin kayanta, da kafin la'asar na miƙa ta ƙofar gidan nan, na ce ga amanarka. Kuma ba zan yi ƙarya ba, zuciyata ta raya mini in yi shirun. Na tuna mahaifiyata a kwance a bayan motar abokina. Na tuna majalisa, da yadda za a ce yau gwanin biko ya dawo hannu rabbana.

Na ce, "Baba, ina neman alfarma. Ina so in ji daga bakinta."

Ya dube ni kamar na yi wani yare. Ya ce ai ya riga ya yanke magana. Na ce na sani, amma ni ne zan ɗauke ta, ina so in ji. Aka kira ta, ta durƙusa a inda suke durƙusawa, kai a ƙasa. Na tashi daga tabarma na zagaya ta hannun damanta, na tsuguna nesa kaɗan, na ce, "Don Allah ki gaya mini gaskiya, kina son komawa?"

Ina jin ba a taɓa yi mata tambayar ba, tana neman inda ake ajiye amsarta. Sannan ta ce, "Malam, ina son 'ya'yana. Amma in ina suya, ko injin niƙan maƙwabta na aiki, ko na kwanta a kan na daman, ba ni jin kira. Na gaya mashi, ya ce ƙarya nike. Wanga karon ta dama ya mara. Kwana biyu yana yi mini ƙara." Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun da na san ta. "In wanga ya tahi, ko kukan yarana ba ni ƙara ji."

Na juya wurin dattijon na ce, "Baba, ka yafe mini. Ba zan tafi da ita ba. Sau biyu na ce na tsaya masa, in ya sake a kama ni, to ga ni, a kama ni. Goron nan na gaisuwa ne, ba na biko ba." Dattijon ya ɗauki laujensa ya juya shi, ya sake juya shi, sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ashe shi ma ba so yake ba, nauyina yake ji, ni kuma ina jin nauyin abokina, duk muna ta jin nauyin juna a kan kunnen baiwar Allah.

Na iso Gusau bayan la'asar. Abokina yana majalisar mai shayi yana jirana, da mutum shida ko bakwai, direbobi da 'yan kasuwa. Ya leƙa bayana ya ce, "Ina take?" Na ce tana gidan ubanta. Wani ya ce, "Yau kuma? Gwani ya faɗi!" aka yi dariya. Shi kuwa ya miƙe ya fara faɗa, wai sun raina shi ne, dama uwar ce ke zuga ta, mace in ba ka gyara mata zama ba ai hawa kanka za ta yi, wa ke nan da bai taɓa ɗan taɓa matarsa ba?

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ci kwalarsa da hagu, na ɗaga dama. Wallahi saura kaɗan. Sai na ga hannuna a sama, buɗe, daidai kunnensa na hagu, kuma na ji yadda abin yake da sauƙi. Na sake shi na zauna. Na ce masa ya zauna shi ma, ya toshe kunnensa ɗaya da yatsa. Ya ce wane irin wasa ne wannan. Na ce ya toshe dai. Titi na ta hayaniya, babura na wucewa, mai shayi na kaɗa ƙwai. Na koma ta gefen da ya toshe na yi magana ƙasa-ƙasa. Ya cire yatsa ya ce, "Me ka ce?"

Na ce, "Cewa na yi haka matarka take tun ranar da na fara maido maka ita. Kai ka kashe mata shi da hannunka. Ba banza take yi maka ba, ba ta ji ne. Shekara biyu kana dukanta a kan kiran da ba ta ji ba."

Ya ce ta faɗa masa, ya ɗauka dabara ce. Ya sake cewa ya ɗauka dabara ce. Sannan ya zauna a ƙasa, ba a benci ba, ya haɗa kai da gwiwa. Na tausaya masa, ba zan ɓoye ba. Na san gidan da ya tashi a Tsafe, na san abin da ya buɗe ido ya ga ana yi wa uwarsa, kuma duk tsawon zamanmu a majalisar nan ba wanda ya taɓa ce masa kul. In ya ba da labarin ya gyara mata zama, dariya muke yi mu zuba masa shayi. Wani dattijo mai sayar da taya da ke zaune a ƙarshen benci ya ce, "Manzon Allah bai taɓa ɗaga hannu ga mace ba, duk mun sani, a wa'azi muke barinsa mu taho gida." Mai shayi ya rage wutar risho.

Da na koma gida na gaya wa matata duk abin da ya faru, na ce ta yi gaskiya. Na zaci za ta rama gorin. Cewa kawai ta yi, "Sauran da ka mayar fa?" Na zauna ina lissafo su a zuci, na Magami, na Tsafe, na cikin gari. Fuskar ko ɗaya ban iya tunawa ba, don duk a sunkuye na san su.

Auren abokina bai koma ba. Bayan 'yan watanni ya sawwaƙe mata, ya kai mata yaran da kansa, yana zuwa duba su ranar kasuwa. Mun yi kusan shekara ba ma gaisawa sosai, daga baya muka shirya. Ban ce ya zama waliyyi ba, har yanzu yana da zafi. Amma na taɓa ji da kunnena, a tasha, wani sabon ango cikin direbobi yana cika baki zai koya wa amaryarsa hankali, abokina ya ja shi bayan mota ya ce ya toshe kunne ɗaya. Na tsaya daga nesa ina kallo, ban sa baki ba.

Ni ma ban bar biko ba, don akwai yajin da na gajiya ne kawai da ɓacin rai, yana son a je a ba da haƙuri. Sai dai yanzu kafin in sa riga ina tambayar mijin ko ya taɓa ta, kuma ido cikin ido. In na je, sai an kira ta na ji daga bakinta, uwarta ko yayarta na kusa. Na sha dawowa ni kaɗai. A majalisa suna kirana wakilin mata, wasu sun daina aiko ni, su nemi wanda ba ya tambaya. Wasu kuma, musamman samarin da ke shirin aure, su kan zauna bayan an watse su yi mini tambayoyin da ba za su yi a gaban mutane ba. Ina amsa abin da na sani, ba da yawa ba ne.

Bara na je kasuwar Bungudu duba gero, na hango matar nan 'yar Nahuce a layin masu mai, ta jera kwalabe, ga tiren ƙuli-ƙuli a gabanta. Ta yi ƙiba kaɗan, tana dariya da maƙwabciyarta. Daɗi ya kama ni, na nufe ta da sauri na yi sallama. Ba ta juyo ba. Na sake yi, tana ta ɗura mai a kwalba. Har na buɗe baki zan yi ta uku da ƙarfi, sai na lura da inda nake tsaye. Ta hagunta nake. Ni da na fi kowa sani, ni da nake ba wasu labarin, na manta, don ni ba a jikina yake ba.

Na zagaya bayan tiren na dawo ta dama, na yi sallama a hankali. Ta juyo da sauri ta ce, "A'a, Malam! Yaushe ka zo?"

Na ce, "Yanzun nan."